Ranar da Na Ce wa Kamfanin Inshora Albarka

Shekarun baya, lokacin da nake fataucin gyaɗa, ina da wata tsohuwar akori-kura fara wadda duk mai bin hanyar Karaye zuwa Rogo ya san ta. Na ce fara ne don haka aka rubuta a takardunta, amma a ido launin ƙasa ne da ita. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta ciki sai na zura hannu ta taga, in kuma ta kwana biyu ba a taɓa ta ba sai an tura take tashi. Duk da haka ba ta taɓa yasar da ni a daji ba. Da kaka nakan shiga da ita Gwangwan da Ruwan Bago in ɗauko gyaɗa, da bazara kuwa in yi dakon taki ko kayan ɗakin amare.

Motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Da aka raba gadon mahaifinmu, yayata ta sayar da shanun da suka faɗo a rabonta, ta haɗa da abin da ke hannuna muka saye ta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, don haka abin da motar nan ta samo shi ne cefanen gida biyu.

Wata ranar kasuwa da hantsi na tsaya a wajen Rogo Ruma. Na sauka daga kwalta sosai, na ajiye ta a gindin wata darbejiya ina jiran a fito mini da buhuna, na tsallaka titi wurin mai ƙosai. Ina cikin cewa a ƙara mini yaji sai na ji hon mai tsawo wanda ba ya yankewa. Na waiwaya na ga gingimarin wani kamfani shaƙe da kaya ta taho daga gangare, direban ya leƙo da kai yana ihu a kauce. A gabansa kuwa ga amalanke, ga mata 'yan kasuwa da kwanuka a ka suna tsallakawa. Sai na ga ya karya kan motar zuwa gefe. Ya ɗauki akori-kurata ta baya, ya haɗa ta da bishiyar nan. Ƙarar da ta tashi har yau in na tuna sai na ji ta a haƙorana.

Mutane suka ruga. Ni kuwa na tsaya ƙyam da ƙosai a hannu. An ce mini har caji ofis na je da shi a hannuna, ban ci ba, ban yar ba.

Direban dattijo ne mai furfura, zai yi sa'an mahaifina. Da ya sauko sai ya zauna a ƙasa yana tambaya ɗaya.

"Akwai mutum a ciki? Don Allah akwai mutum a ciki?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Tawa ce, ga ni a tsaye."

Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya kifa goshinsa a kan turɓaya ya daɗe bai ɗago ba.

Kafin azahar labari ya kai Karaye. Kawuna, wanda shi ne mai unguwarmu, ya hau babur ya same mu a caji ofis. Da ya ga yadda bayan motar ya naɗe kamar tabarma, ya kuma ga dattijon nan a rakuɓe, sai ya ja ni gefe ya ce, "Tunda rai bai salwanta ba, a bar wa Allah. Me za ka samu a jikin wannan bawan Allah? Ko gidansa aka sayar ba zai sayi motar nan ba." Ni ma abin da ke raina ke nan. Har na buɗe baki zan ce na yafe, sai direban ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ɗana, tsaya. Ba ni zan biya ba. Motar kamfani ce, kuma akwai inshora a kanta, ta gaske. Kada ka yafe abin da ba a wuyana yake ba."

Ban san lokacin da na yi dariya ba. A sanina inshora takarda ce da ake nuna wa jami'ai a shingen hanya don su bar ka ka wuce. Ban taɓa jin wanda ta biya ko taya ba.

Da yamma na shiga wurin yayata ina jan ƙafa. Na ba ta labari, na faɗa mata abin da Kawu ya ce. Ta gama saurarona tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Alhamdu lillahi da ka tsira. Amma batun yafiya, ka yafe rabonka in kana so. Nawa na marayu ne, ba ni da ikon yafe shi." Daga nan na san tafiya Kano ta kama ni. Na dai biya wurin malaminmu don zuciyata ta kwanta, ya ce karɓar diyyar abin da aka ɓata maka haƙƙinka ne, in tafi kaina tsaye.

Ranar da zan fara zuwa ofishin kamfanin inshorar na saka babbar rigata ta Juma'a, don kada a raina ni. Aka haɗa ni da wata ma'aikaciya da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, mai fara'a, mai magana a hankali. Ta yi mini jaje, ta karɓi takardun mota da rahoton 'yan sanda, ta ce za su turo mai duba mota. Ya kuwa zo har Rogo. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗauki hotuna, ya kaɗa kai ya ce gyaranta ya fi kuɗinta, ta tashi daga aiki. Ko da yake na san haka tun ranar farko, da na ji a bakinsa sai da na juya baya na share ido.

Bayan 'yan makonni ta kira ni in zo. Na zauna, aka kawo mini ruwan sanyi, ta faɗi abin da za su bayar. Na ɗauka ban ji daidai ba, na ce ta maimaita. Abin ko rabin kuɗin irin motata bai kai ba. Ta yi mini bayani cewa sun rage saboda tsufan motar, sun kuma sake ragewa domin kamfanin gingimarin ya rubuto musu cewa bayan motata yana kan kwalta lokacin da aka buge ta, don haka laifin raba shi za a yi.

Ni ɗan kasuwa ne, ciniki kuma shi na iya. Na gyara zama na ce, "Albarka."

Ta dube ni, ta danne dariya ta ce, "Malam, nan fa ba kasuwar kara ba ce."

Na ce a raina, haka kowane mai saye yake cewa. Na miƙe na kaɗe riga, na nufi ƙofa a hankali yadda ake yi a kasuwa, ina jiran ta ce in dawo a daidaita. Shiru. Na sauka daga bene ina rage sauri. Shiru. Na kai bakin ƙofar waje, mai gadi har ya yi mini Allah ya kiyaye hanya. Na tsaya a rana ina kallon masu adaidaita suna wucewa, na ga dai babu mai biyo ni. Haka na juya na sake hawa benen nan, na ce mata na manta ban tambayi wani abu ba.

Allah ya saka mata da alheri, ba ta nuna ta gane ba. Ta ce in zauna, ta yi mini magana ta gaskiya.

Ta ce, "Malam, abu biyu ne. Maganar farashi ana iya sake duba ta in an ga irin motarka ta fi haka a kasuwa. Maganar laifi kuwa ba a hannuna take ba. 'Yan sanda sun zana inda suka tarar da motar bayan an buge ta, ba inda take tun farko ba. Kai ka ce tana gefe, kamfani ya ce tana kan titi. Wanda ya gani da idonsa yana riƙe da sitiyari shi ne direba, kuma har yanzu bai ba da nasa bayanin ba."

Na ce ai akwai mai ƙosai, akwai matan kasuwa. Ta ce in kawo su za ta saurara, amma in direba ya faɗi akasin haka maganar za ta yi tsawo, wataƙila sai kotu. Kotu kuwa ko sunanta ba na son ji.

Na dawo gida jiki a sanyaye. Kaka tana wucewa a gaban idona. Manoman da suka saba jirana suka fara ba wasu gyaɗarsu, kuma ban ga laifinsu ba. Na koma ɗaukar shatar motocin mutane, abin da zan samu ya tafi a kuɗin mota. Yayata ta koma suyar ƙuliƙuli da ta daɗe da bari saboda ciwon baya. Ba ta taɓa ce mini ina aka kwana ba. Da ma ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a zaure sai ga ɗan acaɓa ya sauke dattijon nan a ƙofar gida, da ƙullin goro a hannunsa. Ashe tambaya ya yi ta yi tun daga tasha har aka nuna masa gidan. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi iyali, ya tambayi haƙurinmu. Aka kawo fura ya sha kaɗan ya ajiye.

Ya ce, "Ɗana, manajanmu ya kira ni. Yana so in ce motarka ta shigo titi, kuma kada in ambaci birki. Ni kuwa birkin nan na sha kai ƙararsa kafin ranar, ana ce mini in lallaɓa. In na faɗi haka laifin ya koma kansu. Ya nuna mini a fakaice cewa in ban bi ba, in nemi wani aikin."

Na tambaye shi shekararsa nawa a kamfanin. Ya ce tun yana da baƙin gashi, kuma saura kaɗan ya ajiye aiki a ba shi haƙƙinsa. 'Ya'yansa mata biyu suna makarantar koyon jinya, da albashin nan yake riƙe da su.

Mutumin nan motata ya zaɓa ya buga don kada ya bi ta kan mutane. Da ni ne a kujerarsa ban san ko hankalina zai kai nan ba. Na ce, "Baba, ka faɗi abin da suke so. Zan karɓi abin da aka ba ni, Allah zai rufa asiri."

Na faɗa ne ina tsoron abin da yayata za ta ce in ta ji. Ashe tana bayan ƙofa, ta zo gidanmu gaishe da mahaifiyarmu. Ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, ni ce mai rabin motar. Na ce ba zan yafe wa kamfani ba, kuma har yanzu ban yafe ba. Amma in abincinka ne zai tafi a kai, mun haƙura. Wanda ya ciyar da yaran nan jiya shi zai ciyar da su gobe."

Dattijon ya jujjuya hularsa a hannu. Can ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Amma ba shawara na zo nema ba, sanar da ku na zo yi, don kada ku ji a bakin wani cewa na sayar da ku. Ranar nan Allah ya tsare ni daga ɗaukar rai. Ba zan gode masa da ƙarya ba."

Na yi ta ba shi baki, ya ƙi. Da zai tafi na ce in biya masa kuɗin mota, nan ma ya ƙi.

Aka sa ranar zama a ofishin inshorar. Ga ni, ga ma'aikaciyar, ga wani mutum daga kamfanin gingimarin sanye da kwat, ga dattijo a ƙarshen tebur ya haɗa hannuwansa a cinya. Da aka ce ya yi magana bai yi tsawo ba. Ya ce tun daga saman gangare ya taka birki ya ji wayam. Ya ce akori-kurar tana can gindin bishiya, tsakaninta da kwalta har wata motar za ta iya wucewa, shi ne ya bar titi ya same ta da gangan domin ita kaɗai ce abin da ba ya numfashi a gabansa. Mai kwat ya yi gyaran murya ya ce wataƙila Baba ya ruɗe ne saboda firgita. Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, na firgita ƙwarai. Amma ban makance ba."

Ma'aikaciyar ta gama rubutunta ta ajiye biro. Ta ce, "To, maganar raba laifi ta faɗi."

Saura farashi. A nan ne na ɗan farfaɗo da mutuncina na ɗan kasuwa. Na ce mata ni ban san lissafin ofis ba, amma abin da na sani shi ne kuɗin abu shi ne abin da za ka bayar a ba ka irinsa yau. Na roƙi a haɗa ni da mai duba motarsu mu shiga wurin dillalan motoci tare, ya tambaya da bakinsa. Ta yarda. Muka yini muna zagayawa cikin rana, ni da shi. Duk inda muka ga akori-kura mai shekarun tawa sai ya tambaya, a faɗa masa kuɗi ya riƙe baki. Shi ma fa bai bar ni haka ba. Duk wadda na nuna sai ya buɗe ƙofarta ta ciki ya dube ni ya ce, "Ita wannan tana buɗuwa." Ashe ya lura da tawa tun a Rogo. Na ce masa ai iska ta fi shiga in ana zura hannu ta taga.

Daga nan aka shiga ja-in-ja ta waya. Su ƙara kaɗan, in ce da saura. Ta ce akwai iyakar da ba za su iya wucewa ba, in ce a matso kusa da iyakar. Wani lokaci in kira a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na koyi kiran waya ba tare da fushi ba, in fara da gaisuwa, in tambayi aiki da gajiya, sannan in ce ina dai tuni. Na bi hanyar Kano har direbobin tasha suka daina tambayata ina za ni.

A ƙarshe ta faɗi wani kuɗi da na san ko na shekara ina ja ba za a wuce shi ba. Bai kai na sayen irin tawa cif ba, amma ya kusa. Sai na ce saura abu ɗaya. A ƙa'idarsu in sun biya, gawar motar tasu ce. Na ce su rage kaɗan su bar mini ita, tunda ta baya aka buge ta, injin lafiyarsa ƙalau. Ta shiga ciki ta yi shawara ta fito ta ce an yarda.

Ta ce, "To Malam, yanzu fa?"

Na ce, "Na sallama, Hajiya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau ba sai ka sauka bene ka dawo ba." Ashe duk tana sane.

Na sayar da injin da giyar motar ga wani makanike a Karaye, bodin kuma 'yan gwangwan suka saya. Abokaina suka samu abin tsokana, wai motar da ta ƙare rayuwarta tana zuwa Gwangwan ga shi ta koma gida. Da na haɗa wannan da abin da inshora ta biya, muka sayi wata akori-kurar, shuɗiya, wadda ta ɗan fi ta farko ƙuruciya. Kakar shekarar dai ta wuce mu, sai ta gaba muka kama.

Dattijo kuwa abin da muke tsoro ya faru, ko da yake bai kai yadda muka zata ba. Sun dakatar da shi ba albashi na wasu watanni. Da na ji, yayata ta sa aka ɗaura buhun masara da galan na man gyaɗa na kai masa har gida. Ya ce ba zai karɓi ladan gaskiya ba. Na ce ba lada ba ne, saƙon 'yarsa ne, in kuma na koma da shi ban san inda zan kwana ba. Ya yi dariya ya karɓa. Daga baya suka mayar da shi bakin aiki. Na ji an ce ma'aikaciyar nan ta rubuta a rahotonta cewa dabararsa ce ta hana asarar rayuka, kuma hakan ya taimaka. Ban taɓa tambayarta ba.

In na tuna wannan lamari yanzu, ba na jin ɗacin komai. Na shiga cikinsa ina ganin ko dai in yafe gaba ɗaya a ce ni mutumin kirki ne, ko in yi rigima a ce na iya neman haƙƙi. Ban san ana iya neman haƙƙi da gaisuwa da haƙuri har a same shi, a kuma rabu ana dariya ba. Na kuma gane yafiya tana da sauƙi a baki in kayan ba naka ba ne kai kaɗai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da ya rugurguza mini mota ya zama mutumin da na fi amincewa da maganarsa a duk waɗanda na sani.

Ya ajiye aiki tuni, 'ya'yansa sun gama karatu, ɗaya ma a wani asibiti nan kusa da mu take aiki. Yanzu wata tsohuwar ƙaramar mota gare shi, da ita yake zuwa duba ta. Duk ranar da zai biyo hanyarmu sai ya kira ni tun daga nesa, ko gaisawa ba mu gama ba zai ce, "Ɗana, ina ka ajiye motar? Ga ni nan tafe."

Ni kuma in ce, "Tana cikin gida, Baba, na rufe ƙofa. Taho a hankali, an ɗora tuwo."